Darasin Wannan Wata: Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba

Karatu: Farawa 41:25-49

Kowace shekara akan sami iyalai a ikkilisiyoyinmu da suke shuka sau biyu ko uku. Ruwan farko ya sauka, suka zuba dukan iri, sai sama ta ɗauke, tsiro ya ƙone. Bari mu duba dalilin haka, da abin da za mu yi.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Iska mai laima ce take kawo mana ruwa daga Tekun Atilantika, tana tura busasshiyar iskar hamada zuwa arewa a hankali. Shi ya sa Jos takan fara samun ruwa a Afrilu, amma Sakkwato da Maiduguri sai wajen Yuni. A farkon damina iskokin nan biyu kokawa suke yi. Idan mai laimar ta ja da baya, sai a yi mako biyu ko uku babu ruwa. Saboda haka ruwan shekara yana iya yin yawa, amma gona ta lalace, domin bai zo a lokacinsa ba.

Abin da ya faru a baya

Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An yi babban fari a 1972 zuwa 1974, aka sake yi a 1983 zuwa 1985. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Daga baya ruwa ya ƙaru, amma ba shi da tabbas. An yi ambaliya a 2012 da 2022, kuma a Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri.

Darasi daga Yusufu

Allah ya nuna wa Fir'auna shekarun ƙoshi da na yunwa. Yusufu bai tsaya a fassara mafarki ba. Ya ba da shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona tun ana cikin ƙoshi. Bangaskiya ba ta hana shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za mu yi

1. Kada mu shuka sai ƙasa ta jiƙu sosai. Mu tona mu ga zurfin laimar. Mu kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara.

2. Mu raba iri kashi biyu, mu ajiye ɗaya saboda sake shuka.

3. Kada mu dogara ga masara kaɗai. Gero da dawa sun fi ta jure fari. Akwai kuma wake mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70.

4. Mu tare ruwa a gona. Manoman Tawa a Nijar suna haƙa ƙananan ramuka da rani, waɗanda suke kira tassa, su zuba takin dabbobi, su shuka a ciki. Haka suka farfaɗo da fako.

5. Mu bar itatuwa. A Maradi, tun 1983, Tony Rinaudo na mishan SIM ya ƙarfafa manoma su riƙa renon tohon kututture maimakon sarewa. Gawo yakan kakkaɓe ganye da damina, don haka ba ya hana shuka rana.

6. Mu kafa rumbun tsimi na ikkilisiya. Kowane gida ya kawo 'yan tiyoyi da kaka. A buɗe a Yuli da Agusta, lokacin da hatsi yake tsada, a fara da gwauraye da marayu, a kuma tuna da maƙwabta ko da ba Kirista ba ne.

Tambayoyi don tattaunawa

Gida nawa ne a cikinmu suka sake shuka bara? Ina suka sami iri?
Su wa za su riƙe makulli da littafin rumbu? Wane aiki zumuntar mata da matasa za su ɗauka?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ne mai ba da ruwa. Ka ba mu damina mai albarka, da hikimar tanadi irin ta Yusufu. Cikin sunan Yesu, Amin.