Wa Ke Tsaya wa Mai Ajiya Idan Banki Ya Karye?

Kowace kaka, da an sayar da amfanin gona, tambaya ɗaya takan zo zauren Hakimi, watau ina za a ajiye kuɗin nan? Waɗansu su binne a tukunya, waɗansu su ba attajiri amana, waɗansu kuwa su kai banki, amma hankalinsu bai kwanta ba. Tsoron nan yana da dalili. A farkon shekarun 1950 ƙananan bankuna da yawa sun rushe a ƙasar nan, dukiyar mutane ta salwanta, babu mai biya. A cikin zamanin nan ne aka yi dokar banki ta 1952, sa'an nan Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959.

Amma yau akwai mai tsayawa. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya, wadda aka fi sani da NDIC. Kowane banki mai lasisi yana zuba wa hukumar nan wani kaso kowace shekara, mai ajiya ba ya biyan ko kwabo. Ran da Babban Banki ya soke lasisin wani banki, sai hukumar ta biya masu ajiya daga abin da aka tara. Biyan yana da iyaka. A 2024 an ɗaga iyakar daga Naira 500,000 zuwa Naira 5,000,000 a manyan bankunan kasuwanci, a ƙananan bankunan tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi kuwa daga Naira 200,000 zuwa Naira 2,000,000. Bankunan da ba su mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, su ma suna cikin tsarin.

A nan ne mutane da yawa sukan ruɗe, ya kamata Malaman Hakimai su fahimta sosai. Ana lissafin iyakar nan a kan mutum ɗaya a banki ɗaya, kome yawan asusunsa a ciki. A ce wani mai sayar da hatsi yana da Naira miliyan 8, ya raba su asusu biyu a banki guda. In bankin ya karye, miliyan 5 za a fara ba shi. Sauran miliyan 3 sai an sayar da kadarorin bankin, an karɓo basussukan da yake bi, abin da yakan ɗauki shekaru, mai yiwuwa kuma ba za su fito duka ba. Da ya kai miliyan huɗu-huɗu bankuna biyu dabam, da dukansu suna ƙarƙashin inshora.

An ga aikin tsarin nan sa'ad da aka soke lasisin Bankin Heritage ran 3 ga watan Yuni 2024. Waɗanda lambarsu ta BVN ta nuna suna da asusu a wani banki, can aka tura musu kuɗinsu. Sauran sai da suka kawo shaidar kansu aka tantance su. Lalle wannan darasi ne ga mai buɗe asusu da sunan da ya saɓa wa na katinsa.

Masu alkawarin ninka kuɗi kuwa ba su cikin wannan magana ko kaɗan. Da MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, hukumar ba ta biya kowa ba, gama MMM ba banki ba ce. Haka nan adashi, kome amanar uwar adashin. Saboda haka in baƙi suka zo gunduma suna tara ajiyar talakawa, sai Hakimi ya sa Malaminsa ya duba sunansu a jerin masu lasisi da Babban Banki yake bugawa, tun Dagatai ba su tara musu jama'a ba.