Amsoshin Tambayoyinku: Larabawan Amurka da Zaɓen Trump

Malaminmu mai sauraro daga Damagaram, ka tambaya, ta yaya Larabawan Amurka suka zaɓi Donald Trump, alhali kuwa shi ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi, har da Yaman, shiga Amurka a 2017?

To Malam, a birnin Dearborn na jihar Mishigan, inda Larabawa suka yi kaka-gida tun zamanin da masana'antar motoci ta Ford take neman ma'aikata, mutanen da suka ba Biden rinjaye a 2020, da suka kwana suna kallon gawarwakin yaran Gaza a wayoyinsu, suka kuma ga gwamnatin da suka zaɓa ba ta daina aika wa Isra'ila makamai ba, sai suka juya mata baya a 2024, har Trump ya sami kashi 42 cikin ɗari, Kamala Harris mataimakiyar Biden 36, Jill Stein ta wata ƙaramar jam'iyya 18. Tsadar rayuwa ma ta taimaka. A ra'ayinmu, galibin waɗannan ƙuri'u hukunci ne a kan wanda ya saɓa alƙawari, domin baƙo, haƙiƙa, ba ya mance zaluncin da ake yi wa danginsa na gida.