Yankan Hoto Da Ajiyarsa Ba Tare Da An Rage Masa Ƙarfi Ba

Kwanakin baya wani ɗalibinmu ya zo mini ransa a ɓace. Ya ɗauki hotunan wani biki a nan Chanchaga, ya gyara su, ya kai, aka biya shi. Ba a daɗe ba Allah ya yi wa kakan amarya rasuwa, sai mutanen gidan suka aiko a wanke musu hoton tsohon babba, mai inci 8 da 10, su sa a firam. Da aka wanko sai ga fuska ta yi dishi-dishi, ba a rarrabe ido da gira. Na ce masa ya kawo na asali mu sāke. Ya ce ai babu. Sa'ad da ya ke ajiye su gaba ɗaya ya ƙanƙanta su don su yi saurin tafiya a waya, sababbin kuwa suka hau kan tsofaffin, memorin kyamara kuma tuni ya goge shi. Tsoho ba zai sāke zama a ɗauke shi ba. Tun da ya ke da yawa cikinku da ɗaukar hoto ku ke samun na sabulu da na littafi, na ga ya kamata mu tsaya a kan wannan magana.

Da fari sai mu san abin da hoton kyamarar zamani ya ke. Ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi, an jera su sahu-sahu, ana kiran kowane ɗaya fiksel. Kyamarar farko irin wannan, wadda wani injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, ɗigo 100 ta ke yi a tsaye, 100 a kwance, watau 10,000 duka. Yau wayar da ke aljihunka ta kan ba ka 4000 a kwance, 3000 a tsaye. In ka buga lissafi, miliyan 12 ke nan, abin da masu sayar da waya ke kira megafiksel 12. Yawan ɗigon nan shi ne ƙarfin hoto, shi ne kuma jarinka.

Masu wankin hoto sun saba da ɗigo 300 a kowane inci ga hoton da za a riƙe a hannu a duba. Saboda haka lissafin ba wuya: raba yawan ɗigo da 300, abin da ya fito shi ne incin da hoton zai kai da kyaunsa. Mai 4000 da 3000 zai ba ka inci 13 da 'yan kai a kwance, 10 a tsaye. Ƙaramin kati mai inci 6 da 4 yana bukatar 1800 da 1200. Mai 5 da 7 yana son 1500 da 2100, mai 8 da 10 kuwa 2400 da 3000. Hotunan ɗalibinmu sun koma 800 da 600. Ko da an shimfiɗa 800 ɗin a kan inci 10, ɗigo 80 kaɗai kowane inci ya samu. Ina fuska za ta fito? Amma kada a ɗauki 300 tamkar farilla. Babban hoton da a ke kafewa a bakin titi ba ya bukatar ko kusa da haka, gama daga nesa a ke kallonsa.

To, sai yanka. Ku ɗauki hoto kamar zanen saƙi. In tela ya sa almakashi ya yanke gefe, abin da ya rage saƙarsa tana nan yadda ta ke, sai dai zanen ya ragu. Ɓarna tana zuwa ne in ya kama ƙyallen ya ja shi da ƙarfi wai sai ya kai girman zane. Haka hoto. Yanka ba ya ɓata ɗigon da suka saura, amma yana rage yawansu, da sauri kuma fiye da yadda mutum ke zato. In ka yanke rabin faɗi da rabin tsawo daga mai 4000 da 3000, saura 2000 da 1500, watau miliyan 3. Rubu'i ne ya rage maka, ba rabi ba.

Ga misalin da mu ke gani kowace shekara. An ɗauki hoton aji, mutum 20 a sahun gaba. Kowa rabonsa ɗigo 200 ne a faɗi, har da kafaɗunsa. Sai wani ya zo ya ce a ciro masa kansa a yi masa fasfo. Fasfo mai milimita 35 da 45 yana bukatar wajen ɗigo 413 da 531. Ka ga ba su kai ba. Kwamfuta za ta yarda ta ƙara, amma ƙirƙiro ɗigon ta ke yi ta wajen kintace. Har manhajojin nan na zamani masu gyara fuska, kintacen ne, sai dai su sun fi iya shi, wani lokaci ma su ba mutum idon da ba nasa ba. A ganina gara ka gaya masa gaskiya, ka tsai da shi jikin bango ka sāke ɗauka. Maganin yawan yanka tun wajen ɗauka ya ke: matsa kusa da ƙafarka.

Sai kuma siffa. Yawancin wayoyi hotonsu 4 bisa 3 ne, katin 6 da 4 kuwa 3 bisa 2 ne. Ba za su dace ba sai an rage wani abu: mai 4000 da 3000 zai koma 4000 da 2667. In ba ka yanke da hannunka ba, injin wanki zai yanke maka, shi kuwa bai san hular liman ko ɗaurin ɗankwalin uwar amarya ba. Don haka tambayi mai aiki girman da ya ke so tun kafin ka taɓa kome, ka kuma bar ɗan fili bisa kawunan mutane. Masu aiki da Photoshop su lura da abu 2 a wurin almakashinsa. Akwai ɗan akwatin da ke ba shi izinin share abin da aka yanke. Cire masa alama, don ka iya komowa. Akwai kuma gurbin rubuta inci tare da yawan ɗigo. In ka cika shi, yanka da sāke girma zai yi a lokaci guda, ba tare da ya faɗa maka ba. Zaɓi siffa kaɗai.

Wani ruɗu da ya kamata a kawar: mutum ya ga an rubuta 72 a bayanin hotonsa, sai hankalinsa ya tashi, wai ba 300 ba ne. Wannan lamba lakabi ce kurum. Muddin ɗigon suna nan 4000 da 3000, ko 72 aka rubuta ko 300, hoto ɗaya ne.

Yanzu ajiya. Irin fayil ɗin da aka fi sani, JPEG, wanda aka tsai da ƙa'idarsa a 1992, yana rage nauyin hoto ta wajen zubar da abin da ya ke ganin ido ba zai lura ba. Sau ɗaya ba laifi. Amma duk sa'ad da ka buɗe, ka gyara, ka sāke ajiyewa, sai ya kuma zubar da wani abu, kamar mai juye gero daga mudu zuwa mudu. Buɗewa a duba kaɗai, ko kwafe fayil daga kwamfuta zuwa filash, ba ya rage kome. In gyaran zai ɗauki kwanaki, riƙe shi a TIFF ko a fayil ɗin manhajar kanta, sai a ƙarshe ka fitar da JPEG sau ɗaya.

Ajiyar gaba ɗaya, wadda Lightroom da Photoshop da IrfanView duk su kan yi, alheri ce ga mai hoto ɗari-ɗari, sai dai kuskure ɗaya ya kan zama kuskure ɗari. Kafin kome, kwafe na asali a wuri 2, ka yi musu folda wadda ba ka gyara a cikinta. Sa'an nan ka nuna wa manhaja wata folda dabam inda sababbi za su sauka. Nan ne ɗalibinmu ya faɗi. Yi fitarwa iri 2. Ta wanki, kada ka rage girma ko kaɗan, ka ɗaga inganci, kamar 10 zuwa 12 a ma'aunin Photoshop wanda ya tsaya a 12. Ta waya, ka iya mai da dogon gefe 1600 ko 2000. Ka ce dogon gefe, ba faɗi ba, in ba haka ba na tsaye da na kwance za su fito girma dabam-dabam. Rubuta wa kowace folda sunanta, don kada mai biki ya kai ƙananan wurin wanki. Gwada da hoto 3 tukuna, ka buɗe su ka karanta yawan ɗigonsu, kāna ka saki sauran. In an gama, ƙidaya. Ko da ya ke a jiharmu madatsun Kainji da Shiroro su ke, wuta ba ta yin sallama in za ta tafi, aikin da ya katse kuwa ya kan bar fayil rabi.

Saura miƙawa. WhatsApp ya kan matse hoto in aka aika shi a matsayin hoto, har mai 4000 ya isa wajen 1600. A 2023 an ƙara maɓallin HD, wanda ya rage matsin amma bai kawar da shi ba. Na wanki sai a aika shi a matsayin takarda, ko a ba da shi a filash hannu da hannu.

Aikin gwaji kafin darasi mai zuwa: kowa ya ɗauki hoto 1 a bakin kogin Chanchaga ko a Kasuwar Kure, ya rubuta yawan ɗigonsa. Ya yanke shi zuwa siffar 6 da 4, ya sāke rubutawa, ya raba da 300. Sa'an nan ya aika wa abokinsa sau 2, sau ɗaya a hoto, sau ɗaya a takarda, su gwada lambobin da suka isa. A zo da lissafin a rubuce.