Sharuɗɗan Zama Mai Ƙiyasta Darajar Gidaje da Filaye

Ya kamata jama'a su sani cewa, ko da yake dillali ya san unguwa lungu-lungu, har yana iya faɗa maka nawa aka sayar da kangon bayan masallaci bara, maganarsa ba ta zama hujja a wurin banki ba, domin shi ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. Wanda hukuma ta yarda ya yanka wa gida ko fili ƙima a rubuce, walau don jingina, walau don biyan diyya in gwamnati ta karɓi wuri bisa Dokar Filaye ta 1978, shi ne wanda sunansa ke cikin rajistar hukumar ESVARBON, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa. Magada ma, in an zo rabon gado, irinsa ya dace su nema.

Sharaɗi na farko ilmi ne. Galibi ɗalibi yakan sami digiri ko babbar difloma a fannin sarrafa kadarori daga makarantar da hukumar ta amince da ita. Ana koyar da fannin a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A can zai karanta dokokin mallakar ƙasa, da hisabin haya, da ƙa'idojin gini.

Amma fa takardar makaranta kaɗai ba ta wadatarwa, kuma a nan ne matasa da yawa ke gajen haƙuri. Wajibi ne ya zauna aƙalla shekara 2 ƙarƙashin wani mai rajista, tamkar yadda almajiri ke lazimtar malaminsa kafin a ba shi ijaza, yana rubuta kowane aiki da ya yi a littafi, maigidan yana sa hannu. A wannan zama ne idonsa zai buɗe, har ya rarrabe tsagewar da ta tsaya a filasta da wadda ta taso daga harsashi, ya duba ƙasan bango ya ga shatar da ruwan damina ya bari ko da an shafe ta da sabon fenti, ya kuma gane cewa gida biyu masu ɗakuna daidai ba sa zama kuɗi ɗaya muddin ɗaya yana bakin kwalta da takardar shaidar mallaka, ɗayan kuwa yana ƙuryar lungu da takardar mai unguwa kurum. Ni a ganina shekara 2 ɗin ma ta yi kaɗan.

Bayan haka sai ya gabatar da rubutaccen aiki ga ƙungiyar masu sana'ar, wato NIESV, wadda aka kafa a 1969, dattawanta su yi masa tambayoyi baki da baki. In ya haye, ya zama cikakken ɗan ƙungiya, sa'an nan hukumar ta yi masa rajista, ta ba shi lamba da hatimi, wanda da shi zai riƙa buga kowane rahoto, alhali kuwa tana da ikon soke sunansa ranar da aka tabbatar ya yi ha'inci a ƙiyasi.