Taƙaddamar Koyar da Littafin Huckleberry Finn a Makarantun Sakandaren Amurka

1.0 Gabatarwa

Cikin ƙagaggun labaran da ake koyarwa a makarantun sakandaren Amurka, kaɗan ne suka jawo taƙaddama irin ta Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda aka buga a ƙasar a shekarar 1885. Labari ne na wani yaro farar fata mai suna Huck da wani bawa baƙar fata mai suna Jim, waɗanda suka gudu tare ta Kogin Misisipi. Wannan maƙala ta dubi tushen taƙaddamar da abin da take buƙata daga malami.

2.0 Tushen Taƙaddamar

Kalmar nan ta cin zarafin baƙar fata ta fito sau 219 a littafin. Masu adawa da koyar da shi suna kafa hujja da halin da ɗalibi baƙar fata yake shiga idan aka furta kalmar a gaban 'yan ajinsa. A shekarar 2011, manazarci Alan Gribben ya fitar da wani bugu da ya musanya ta da kalmar da ke nufin "bawa". A 2018 kuwa, hukumar makarantun birnin Duluth a jihar Minesota ta cire littafin daga jerin waɗanda wajibi ne ɗalibai su karanta.

Sai dai musanyar ta gurɓata ma'ana. A babi na 6, mahaifin Huck ya yi ta zagin wani baƙar fata ɗan jihar Ohayo, malamin kwaleji, wanda ba bawa ba ne, har ƙuri'a yake jefawa. Kiran wannan mutum bawa ya rushe abin da ya fusata mai zagin, wato 'yancinsa.

3.0 Aikin Malami

Huck ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma tarbiyyar al'ummar da ta halatta bauta ce ta gina tunaninsa. A babi na 31 ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, sannan ya yage ta, yana mai imani cewa ya zaɓi wuta ke nan. Ɗalibin da bai iya bambance muryar mai ba da labari da matsayin marubuci ba zai kasa gane shaguɓen: yaron ya ɗauki alherinsa zunubi.

Duk da haka, littafin yana da naƙasu. A babobin ƙarshe Tom Sawyer ya mayar da Jim abin wasa, alhali ya san an riga an 'yanta shi. Saboda haka ya dace a haɗa shi da tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845, inda wanda ya ɗanɗani bauta yake magana da kansa, ko kuma James na Percival Everett, wanda ya fito a 2024, ya sake ba da labarin ta bakin Jim.

4.0 Kammalawa

Gyara matani ba ya sauke wa malami nauyin bayyana zamanin da ya haife shi. Wannan nauyi yana kan mai koyar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma cinikin bayi ya mamaye jigonsa. Kafin a buɗe shafin farko, wajibi ne malami ya tsai da yadda za a ambaci bauta a ajin, domin ta yiwu cikin masu sauraronsa akwai wanda har yau ake yi wa gori da asalinsa.