Idan Ɗanka Ya Zaɓi Ragbi: Shawarwari Ga Iyayen Sofoline

Ranar da ɗana ya shigo gida da ƙwallo mai siffar ƙwai a hammata, leɓensa a kumbure, salati mahaifiyarsa ta saka. Ni ma gabana ya faɗi. A Kumasi ƙwallon ƙafa muka sani: Kotoko, King Faisal, filin Baba Yara. Shekara uku ke nan yana ragbi, kuma yau ba shi da burin da ya wuce ya zama ƙwararre. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani gidan.

1. Ka fara sanin wane ragbin yake yi, don iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, akwai na 'yan wasa 13, wanda ake kira ragbi lig. Sun rabu a 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, a kan maganar biyan ma'aikatan masaƙa da na ramin kwal ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. A na 13 ɗin, idan aka kayar da 'yan ƙungiya sau shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hukumominsu daban ne, hanyoyinsu ma daban. A kan ragbi lig zan yi magana a nan.

2. Ku zauna ku yi maganar kuɗi tun da wuri, kai da shi da uwarsa. Wannan ce shawarar da na fi so a riƙe. A Gana ragbi lig ba ya ciyar da gida. Ƙungiyoyin da suka yi ƙarfi a Akra suke, kuma masu buga musu ɗalibai ne da ma'aikata. Wasan na tasowa, ba na musu: a 2022 mu muka karɓi baƙuncin gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legon, har muka kai wasan ƙarshe kafin Najeriya ta doke mu. Amma albashin kirki yana gasar NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila, su kuwa yawanci daga makarantun horonsu suke ɗebo yara. A ƙwallon ƙafa akwai turbar da aka riga aka share. Daga King Faisal Samuel Osei Kuffour ya tafi Torino a 1991, ya zo ya ɗauki kofin zakarun Turai da Bayern a 2001. Ɗan ragbi na Sofoline ba shi da sawun da zai taka irin wannan. Na faɗa wa ɗana haka a fili, ya yi kwana biyu yana ɓacin rai, kuma ban janye maganata ba.

3. Saboda haka makaranta ba abin ciniki ba ce. Jarrabawar BECE da ta WASSCE su ne gaba, ga shi sakandaren gwamnati kyauta ce tun 2017. A gidana ranar da sakamako ya faɗi, takalmin wasa yana kwana a ɗakina. In yaron ba na boko ba ne, ga Magazin na Suame nan kusa, a kai shi wurin maigida ya koyi kanikanci ko walda, a roƙa masa izinin yammacin atisaye.

4. Ka kula da kansa fiye da ƙafarsa. Karaya ana ganinta, bugun ƙwaƙwalwa kuwa ɓoye yake, kuma yara suna ɓoye shi don kada a ajiye su a benci. In ya dawo yana ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko haske na damunsa, kada a ce gajiya ce a ba shi magani ya kwanta. Ba sai ya suma ba kafin abin ya zama babba. Asibitin Komfo Anokye ba nisa daga Sofoline, a ɗauki tasi a tafi, kuma kada ya koma fili sai likita ya yarda. Wani mai horarwa ya taɓa mayar da ɗana cikin wasa bayan ya yi karo da kai. Da dare yana amai, ban runtsa ba har asuba. Washegari na cire shi daga ƙungiyar. Katin inshorar lafiyarsa na NHIS ya kasance da rai kullum, robar kare haƙora kuma kada ya fita ba ita.

5. Je ka ga filin atisayen da idonka. Filin sakora mai tsakuwa ya isa a yi gudu da jifan ƙwallo, amma kayarwa sai a kan ciyawa.

6. Abincinmu ya wadatar. Wake da shinkafa da ƙwai, tuwon zafi, koko da ƙosai, kifi, gyaɗa, ruwa mai yawa da barci isasshe. Garin gina jiki da allurai da ake tallatawa a wuraren ɗaga ƙarfe, a bar su. Wasu na ɗauke da sinadaran da aka haramta wa 'yan wasa.

7. Kada ya ɗauka wasan zai raba shi da salla da azumi. Hazem El Masri, haifaffen Lebanon, ya buga wa Bulldogs ta Sidni daga 1996 zuwa 2009 yana azumin Ramadan, ya yi ritaya yana riƙe da tarihin yawan maki a gasar NRL. Sonny Bill Williams ma musulmi ne, ya ɗauki kofi da Roosters a 2013. Da azumi, a nemi mai horarwa ya sassauta atisaye ko ya matsar da shi kusa da magariba.

8. Takardunsa su kasance na gaskiya. Kada a rage masa shekaru ko da wa ya kawo shawarar, kuma ainihin fasfo ya zauna a hannunka. Duk wanda ya zo da labarin gwaji a Ingila yana neman sidi dubbai, ka ce ya kawo wasiƙar ƙungiyar, sannan ku tuntuɓi ƙungiyar da hukumar ragbi lig ta Gana da kanku. Bizar ƙwararren ɗan wasa a Birtaniya ba ta fita sai da amincewar hukumar wasan ta can, bizar ziyara kuma ba ta ba mutum damar karɓar aikin ƙungiya. Kada a taɓa jarin uwarsa na kasuwar Kejetia saboda alkawarin baki.

9. In za su tafi wasa Akra, ka san wanda zai riƙe su da inda za su kwana, ka karɓi lambar wayarsa, ka raka yaron tasha. Ranar da wasa ya zo kusa kuma, ka je kallo. Karon farko da na je, na ga yana waiwayen gefen fili tun kafin a busa usur, sai da ya hango hulata sannan ya shiga sahu.