Hukuncin Yin Sadaka Da Tsohuwar Kwamfuta Ga Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya ciyarwa ta zama tsarki ga dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce da zamani ya zo da ita. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a a kan takarda, ta mai da ita ta kwamfuta zalla. Saboda haka yaron da ya gama sakandare a Mawashi, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, ko a wani ƙauye na ƙasar Kankiya, tilas ne ya zauna gaban wannan na'ura ranar jarrabawa, daidai da ɗan birnin Katsina ko Kano wanda ya tashi yana wasa da ita. In bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba sai ran nan, yana iya faɗuwa alhali kuwa ya san karatunsa. A birane kuma ma'aikata da 'yan kasuwa suna ta sake na'urorinsu, tsofaffin suna jibge a ɗaki. To, wanda ya ɗauki tsohuwar kwamfutarsa ya ba makarantar garinsu, shin ya yi sadaka mai lada, ko kuwa ya faɗa cikin abin da aka hana?

Asalin hukuncin

Tsufan abu ba ya hana a yi sadaka da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Halidu ɗan Walidu, Allah Ya yarda da shi, ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa domin Allah, kayan da kuwa ya riga ya yi aiki da su ne. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa malaman Malikiyya suka halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai da dawaki da makamai, ba gona da gida kaɗai ba. Kwamfuta tana shiga wannan babi, domin ana amfana da ita alhali ita kanta tana nan. Hadisin Abu Huraira a cikin Muslim ya ambaci sadaka mai gudana da ilimi mai amfani a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma na'urar da yara ke koyo da ita ana fatan ta haɗa biyun.

Fara kyautar da gida ma yana da asali. Sa'ad da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka, Abu Ɗalha ya ba da gonarsa Bairuha, wadda ita ce mafi soyuwar dukiyarsa, Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) kuwa ya shawarce shi da ya sanya ta ga danginsa. Ɗan Mawashi da ke aiki a Abuja, in ya tuna da makarantar da ta yaye shi, bai kauce wa wannan tafarki ba.

Inda haɗarin yake

Amma fa akwai bambanci tsakanin tsoho da matacce. Tirmizi ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azibu cewa mutanen Madina sukan rataye dabino a masallaci domin matalautan Suffa, sai waɗansu suka riƙa kawo ƙeƙasasshe wanda ya lalace. A kan haka aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta hana mutum ya nufi mummuna ya bayar. Ma'aunin da ayar ta kafa shi ne mai bayarwa ya tambayi kansa: da shi aka miƙa wa abin nan, zai karɓa da daɗin rai, ko kuwa sai ya daure?

Wanda ya kwaso kwamfutocin da ba su tashi, ya sauke su a makarantar ƙauye aka yi masa tafi, bai yi sadaka ba, shara ya kwashe daga gidansa ya zuba a gidan wani. Sharar kuwa mai guba ce, domin akwai dalma da zaiba a cikin waɗansu sassan tsofaffin na'urori, kuma ƙona wayoyinsu don ciro jan ƙarfe yana fid da hayaƙi mai cutarwa. Mutanen Arewa sun san illar dalma tun 2010, lokacin da wadda ke cikin duwatsun zinariya ta halaka ɗaruruwan yara a Zamfara. Nijeriya kuma ta ɗanɗana zubar da shara daga waje a 1988, sa'ad da aka sauke gangunan guba daga Italiya a garin Koko, bayan haka ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana shigo da irin wannan. Abin da ba a yarda wata ƙasa ta yi wa Nijeriya ba, bai kamata ɗan birni ya yi wa ƙauyensu ba. Ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutarwa.

Sharuɗɗan mai bayarwa

Na farko, na'urar ta zama mallakarsa. Ma'aikacin da ya ɗauko ta ofis ba da izini ba ya ci amana, sanya mata sunan sadaka kuwa ba ya wanke ta.

Na biyu, a kai ta ga mai gyara ya gwada ta, a sake abin da ya mutu, a kuma bayyana wa makaranta aibin da ya rage.

Na uku, a goge abin da ke cikinta sarai. Takardun mutane da hotunansu amana ne, balle in akwai abin da bai dace idon yaro ya gani ba.

Na huɗu, a dubi halin wurin. Kwamfuta ba ta aiki sai da wuta, da malamin da ya iya ta, da ɗaki mai kariya daga ƙurar hunturu da yoyon damina. Guda biyar masu lafiya tare da faifan hasken rana da batir sun fi hamsin da za a kulle.

Na biyar, a tsarkake niyya. Aya ta 264 ta Baƙara ta nuna gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma kwatanta mai yin haka da mai riya. Wanda ya kawo kaya don kakar zaɓe ya karɓi ladansa tun a duniya.

Haƙƙin mai karɓa

A mazhabar Malik waƙafi ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai shi, don haka ya kamata a miƙa a gaban shaidu, a rubuta adadi, a naɗa mai kula. Daga nan nauyi ya koma kan shugaban makaranta. Bai halatta ya kai ta gidansa ba, haka kuma bai dace ya rufe ta a ɗakin ajiya don tsoron kada ta lalace ba, domin waƙafin da ba a amfana da shi an tauye mai shi da waɗanda aka yi dominsu. In ta mutu har ba ta gyaruwa, Muhtasar na Halilu ya halatta sayar da abin waƙafi da ba ƙasa ko gini ba idan amfaninsa ya ƙare, a sa kuɗin cikin irinsa. Sai a sayar wa masu gyara, a ƙara a sayi wata, kada a bar yara su fasa ta ko su ƙone ta.

Saboda haka, wanda Allah Ya hore wa tsohuwar kwamfuta mai lafiya, kada ya bar ta tana shan ƙura alhali 'ya'yan ƙauyensu suna bukata. Wanda tasa ta mutu kuwa, ya gyara ta tukuna, ko ya ba da kuɗin da ya sawwaƙa.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya karɓi ayyukan bayinSa, Ya sa albarka a karatun yara, amin.